Gingimarin Baba Na-Allah a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na gyara agogo ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya biyo ta rumfata a kasuwar Tambuwal sai ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labari. Na yi ta cewa lafiya aka je lafiya aka dawo, har bakina ya gaji, kuma na lura ba wanda ya yarda. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, har da wurin da ban so a ji ba. Wanda ya karanta ya yi dariyarsa a gida, kada ya zo ya yi mini ita a rumfa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sahabi, gyaran agogo da rediyo nake yi. Abin da ya sa wasu ke mini kallon mai motsi kuwa shi ne ƙera ƙananan motoci. Da gwangwanin madara nake yin jiki, in yanka tsohon silifa in fitar da taya, in lanƙwasa waya ta zama sitiyari. Shekarata arba'in da bakwai, 'ya'yana shida, kuma har yau in na ga gwangwani mai kyau a bola sai na duƙa.

Motar da na kai Kwatano ba tawa ba ce. Ta Baba Na-Allah ce, wani tsohon direba a Fakku, can ƙasar Kebbe. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan gingimari ɗaya, ya kai albasa kudu ya dawo da goro. An daɗe da yanka motar an sayar da ƙarfenta, ko hotonta ba shi da shi. Rediyonsa ya kawo gyara ya ga motocina a kan kanta, ya juya ɗaya a hannu ya ce tayar baya ta matso gaba da yawa. Daga nan muka ƙulla. Shekara biyu ina hawa babur zuwa Fakku duk Juma'a, shi yana faɗin awo daga kansa, ni ina yanka. Taki ɗaya nasa, faɗin yatsu biyu nawa, haka muka rage ta tun daga hanci har ƙofar baya. Muka yi mata bodin katako, muka shafe ta da kore da rawaya, muka bi ta da banish har sau uku. Kafin mu gama, yanar ido ta rufe wa Baba gani. Ranar da na kai masa ita a kammale, da yatsu ya dube ta.

Akwai wani zaure na waya da aka jefa ni ciki, na masu irin wannan sha'awa a ƙasashen bakin teku. Faransanci suke rubutawa, ni kuwa hoto kawai nake kallo. Da na sa hoton gingimarin, sai wani mai suna Misye Kosi, tsohon mai shagon magani, ya sami mai jin Hausa ya aiko mini da saƙon murya. Ya ce suna taro sau ɗaya a shekara, kowa ya kawo abin da ya ƙera, alƙalai su duba, kuma lallai in zo da motar nan.

Da na gaya wa Baba, ya juyo da fuskarsa wajena. Ya ce, "Ni ba ni iya tafiya, Sahabi. Kuma ba kyauta nika so ba. Abu guda nika so, a aje ta bisa tebur da sunana, masana su dube ta su faɗi gaskiya, mota ce ko ba mota ba ce. Ka ga idanun ga, ba mu sake yin wata."

Na ce, "In sha Allahu, Baba, da kunnena zan jiyo maka."

Na shimfiɗa tsohon zanen maiɗakina a akwatin katako, na cusa auduga ta ko'ina, na kama hanya. A tashar Jega direba ya ce akwati ya hau sama da sauran kaya. Na ce sai dai ni in hau sama akwati ya zauna a kujera. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da ke kusa da ni ta yi ta hararar akwatin har muka wuce Koko, sannan ta kasa daurewa.

"Malam, mi ac ciki? In maciji na, ka faɗi tun da wuri."

Na buɗe. Kafin in ankara mota ta bar hannuna, tana yawo daga kujera zuwa kujera. Wannan ya buɗe ƙofa, wancan ya murza taya, wani dattijo ya zuba gyaɗa a bodi don ya ga ko za ta ɗauki lodi. Direba ma sai da ya faka ya gungura ta a gabansa. Ban ji haushi ba, don a wurinmu haka ake girmama abin da aka ƙera, a taɓa shi a gwada shi. Sai dai madubin dama ya dawo mini a tafin hannun Hajiya, tana ta ba ni haƙuri. Na liƙa shi da gam a Ka'oje muna jiran a cika mai.

A bakin iyaka na sha jinin jikina, don an ce mini har ƙullin yaji kwancewa suke yi. Ma'aikacin da ya buɗe akwatin ya tsaya ya ƙura mata ido, sannan ya kira abokan aikinsa uku. Cikin gurguwar Hausa ya ce, "Ina takardar mota? Ina lasin direba?" Har na fara rantse-rantse, sai na ga dukansu suna dariya. Ya ɗora hatiminsa a bodi, ya tura ta daga wannan gefen tebur zuwa wancan, ya sauke hatimin ya buga mini. Na canji kuɗina a gindin wata bishiya, na ba da damin naira aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika aljihun gaba ba.

A Faraku muka yada zango muka ci abinci. Sakwara aka kawo da miyar gyaɗa, da wasu yankuna ja a waje fari a ciki. Na ɗauka nama ne, na gatsa na ji taushi. Mai abincin ta ce wagashi ne, nonon shanu ne Fulani ke daskarar da shi. Tun ina yaro nake cuɗanya da Fulani a kasuwar Kebbe, nono da man shanu da fura babu wanda ban sani ba, amma ban taɓa jin an soya nono an jefa a miya ba. Na ci, na ƙara. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, kuma a hammata ake ɗaukarsa, tsirara, ba leda.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan kabu-kabunsu duk riga ɗaya suke sawa, rawaya, in danja ta sake su sai ka ga titi ya koma rawaya gaba ɗaya. Mata ma suna tuƙi, wata da goyo a baya da kwandon abarba a gaba, ta wuce ka ko kallo ba ka ishe ta ba. Na sauka a Zango, gidan Alhaji Ɗanjuma, mutumin Dogon Daji da ya shekara talatin a can yana dillancin albasa. Ya ba ni tabarma a ɗakin fatake, mu bakwai. Zafin garin irin mai danƙo ne, ka yi wanka ka fito kana gumi. Da safe na buɗe akwati na tarar iskar teku ta sa tsatsa ta fara tsirowa a ƙarfen tayar baya. Kwana ɗaya tak. Na zauna na kankare ta tas, na shafa mai.

Alhaji yana kallona yana kurɓar shayi. Ya ce, "Kai yanzu tun daga Tambuwal kat taso har nan don motar wasa? Mutanenmu sun samu wuri." Amma da na roƙe shi ya raka ni ya yi mini tafinta, bai ƙi ba. Ina jin so yake ya ga sauran mahaukatan da idonsa.

Abin da muka tarar a wurin taron ya rufe bakin Alhaji, nawa kuwa ya buɗe shi. Wani babban ɗaki ne mai sanyin na'ura, tebura jere da fararen ƙyallaye, an kewaye su da igiya. Ba yara a wurin. Dattawa ne masu furfura da tabarau, aka ce wannan likita ne, wancan lauya, wancan ya taɓa tuƙa jirgin ruwa. Magana ƙasa-ƙasa suke yi kamar an zo gaisuwar mutuwa. Kowa ya goya hannayensa a baya, ya sunkuya yana leƙen mota, hancinsa ya kusa taɓa ta, amma yatsa ko ɗaya ba ya kai mata. Na tambaya da wane gwangwani suke aiki, aka ce ai yawancinsu a kwali ake sayo su daga Turai, gutsattsarin roba ɗari biyu ko uku, mutum ya zauna ya harhaɗa ya yi fenti. Na ga wata mota da aka buɗe wa bonet, har wayoyin fulogi an sa mata, siraran da ba su kai gashin kai kauri ba. Na ji kamar in rungumi akwatina in koma tasha.

Misye Kosi ne ya hana. Gajere ne mai sanƙo, yana hango ni ya taho da sauri ya riƙe hannuna da hannu biyu. Da kansa ya ɗauki akwatin, ya kai shi teburin manyan motoci, ya ba ni wuri kusa da tasa. Ya sa Alhaji ya faɗa masa sunan Baba harafi harafi, ya rubuta a farin kati ya jingina a gaban gingimarin: Na-Allah, Fakku. Na daɗe ina kallon katin nan.

Da hantsi shugabar alƙalai ta zo zagayen farko. Mace ce, da safar hannu fara, da 'yar tocila, da ɗan madubi mai mariƙi da take zurawa ƙarƙashin mota. Ta fito da wani ma'auni na ƙarfe ta auna tsakanin tayoyi, ta auna faɗin kai, ta duba wani littafi, ta sake aunawa. Ta ce wa Alhaji ya tambaye ni daga wane zane muka ɗauki awo.

Na ce, "Gaya mata daga kan wani tsoho munka ɗauka. Da taki yab ba ni."

Ta cire tabarau ta dube ni, ta kira sauran alƙalai biyu, suka yi ta ƙus-ƙus. Alhaji ya raɗa mini cewa sai an dawo daga cin abinci, ƙarfe uku, za su zauna a kan teburinmu su yanke hukunci su rubuta. Ya ƙara da cewa sun ce ba a taɓa motar kowa. Na ji wannan maganar da kunnena, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ɗauka wasa da motoci aka hana, ban ɗauka har da taimako ba.

Tun safe akwai abin da ke damuna, motar Misye Kosi. Akori-kura ce irin ta da, ƙirarta ba makusa, amma ta yi butu-butu. Jar ƙasa ta dafe tayoyi, tsatsa ta ci gindin ƙofa, gilashin gaba ya yi dishi-dishi in ban da inda waifa ke sharewa. Na ce a raina, bawan Allah ya shagala da hidimar baƙi, ya ɗauko mota daga sito bai sami sukunin goge ta ba, ga alƙalai za su zo. Na taɓa ganin irin waɗannan hotuna a zauren waya, amma a ƙaramin gilashin wayata na ɗauka motocin gaske ne da suke kwaikwayo. A tasharmu, in mutum ya yi maka alheri ba ka da abin ba shi, ka ɗauki tsumma ka goge masa mota. Ba a neman izini, neman izinin ma rashin ta ido ne.

Da rana kowa ya watse cin abinci, Alhaji ma ya bi su. Na yi azahar a bayan ɗakin na dawo, ba kowa sai mai gadi a bakin ƙofa yana danna waya. Na ɗaga igiya na shiga. Na fito da hankici da 'yar kwalbar sinadarin da nake wanke cikin agogo, na naɗa auduga a tsinken ashana. Na fara da gilashi, na bi bonet, na sauko ƙofar hagu. Dattin yana fita ba gardama, shuɗin fenti yana bayyana yana sheƙi. Wallahi daɗi nake ji, har ina 'yar waƙa a ciki.

Ina kan tayar gaba na ji tsayuwar mutum a bayana. Misye Kosi ne, riƙe da faranti an rufe da wani farantin. Abinci ya kawo mini, don ya lura ban bi su ba. Na yi masa murmushi na matsa gefe don ya ga aikina.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ajiye farantin a ƙasa a hankali, ya sunkuya ya dubi motar, sannan ya dubi hankicin da ke hannuna, wanda ya yi ja. Mutane suka fara shigowa, duk wanda ya iso sai ya dafe baki ya tsaya. Alhaji ya kutso, ya saurari abin da ake faɗa, ya juyo fuskarsa a murtuke.

"Sahabi, mi ka aikata? Dattin ga shi na aikin. Wata takwas yay yi shina sa shi. Jar ƙasar garinsu ce yaɗ ɗebo, yan niƙa, yat tankaɗe, shina ɗora ta da burushi kaɗan kaɗan. Tsatsar ma zana ta yay yi. Motar da ubanai ka kai su makaranta ce."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutum ya yi wata takwas yana sa wa mota datti da gangan, ni a minti goma na share rabi, sauran rabin yana nan yana nuna abin da na ɓata.

Dokarsu a rubuce take, wanda ya taɓa motar wani za a sauke tasa daga tebur. Na roƙi Alhaji ya gaya musu motar ba tawa ba ce, ta wani tsoho ce da ba ya gani, ni a kore ni, a ci ni tara, amma ita a bar ta ta kai ƙarfe uku. Shugabar alƙalai ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta ji, kuma ranta bai so ba, amma wanda ya kawo mota shi ne mai ita a wurinsu. Ta ɗauki katin da hannu biyu ta miƙo mini. Ni da kaina na naɗe gingimarin a zane, mutum wajen hamsin suna kallo. Saura minti ashirin uku ta buga.

Washegari ina tasha ina jiran mota ta cika, Alhaji na gefe ya ƙi yi mini magana, sai ga Misye Kosi a bayan ɗan kabu-kabu. Bai miƙo mini hannu ba. Ya ba ni wata 'yar leda, a ciki kwalabe uku na garin fenti, ja da baƙi da ruwan ƙasa, da siririn burushi. Ya yi magana yana kallon Alhaji.

Alhaji ya ce, "Ya ce bai gama fushi da kai ba, kar ka ɗauka ya gama. Amma akwai saƙo ga tsohon. Ka gaya mai awonai daidai shike, sun auna sun yi mamaki. Sai dai motatai ba ta taɓa aikin kwana guda ba."

Kwana biyu na yi a hanya ina shirya ƙarya. Zan ce an duba, an yaba, an tafa. Baba ba ya gani, ba ya jin Faransanci, Alhaji kuma ba zai zo Fakku ba. Na tsara ta tsaf, har da abin da alƙaliya ta ce. Ban kwana biyu a gida ba na hau babur.

Na same shi da hantsi a zaure, a kan buzunsa. Muka gaisa, ya tambayi hanya, na ajiye masa akwatin a gabansa. Ya ɗora hannu a kan murfin bai buɗe ba.

"To, mi sunka ce?"

Ƙaryar tana bakina, amma da na ga yadda ya karkato kunne sai ta ƙi fita. Na gaya masa komai, tun daga katin har hankicin, har saura minti ashirin. Na ce, "Baba, ni nib ɓata. Ba su kai ga yanke hukunci ba, an sauke ta saboda ni. Ka gafarce ni."

Ya janye hannunsa daga kan murfin. Sannan ya ce, "Da kab ɓata ma mutum mota, ka tsaya ko ka gudu?"

"Na tsaya."

"To." Ya gyara zama. "Shi mai motar bai ce komi ba?"

Na so in ɓoye rabin saƙon, amma tunda na fara gaskiya sai na ƙarasa. Na faɗa masa na awo, na faɗa masa na aikin kwana guda. Na sunkuyar da kai ina jiran ransa ya ɓaci.

Ya buɗe akwatin ya fito da ita, ya bi ta da yatsu tun daga hanci, ya tsaya a ƙofar direba yana shafawa.

"Mutumen ga ya san mota," in ji shi. "Ƙofag ga ba haka take ba. Wani bijimi yat tunkuye ta a kasuwar shanu, tal loɓa nan, shekara sha fuɗu nika rufe ta da ƙafa. Madigadin baya da waya nid ɗaure shi. Bodin ga kullum baƙin mai na bisa. Duk na sani, ni nib ɓoye maka."

Na ce, "Don mi, Baba?"

"Kunya. Na so a gan ta awa amarya." Ya miƙo hannu. "Ba ni 'yar gudumar taka ta agogo."

Na ce shekara biyu fa muka yi, banish ma sau uku. Bai janye hannun ba. Na ciro gudumar daga jaka na sa masa. Ya laluba da babban yatsa har ya sami wurin, ƙasa da mariƙin ƙofa kaɗan, ya ɗaga ya buga sau ɗaya. Gwangwanin ya loɓa, koren fenti ya tsage. Ya sake shafa wurin, a hankali, sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ga ta nan," ya ce. "Yanzu nig gane ta."

Ya miƙo mini gudumar. Ya ce gilashin gaba tsagewa biyu gare shi, daga kusurwar dama suka taso, amma wannan ni zan yi don hannunsa rawa yake. Na karɓa, na ɗora bakin gudumar a kusurwar dama ta gilashin.